Kandamin Kifi da Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Bazara ce, irin wadda ko ruwan randa ka ɗeba sai ka ji shi da ɗumi kamar an sauke daga murhu. Shekarar ta zo wa kowa da nauyi. Kayan abinci sun tashi, masu kawo ɗinki shagon maigidana sun ragu, 'yan ga-ruwa kuma sai ka gaji da leƙe a ƙofa kafin ɗaya ya gifta. A unguwarmu ta Ƙofar Dumi ba a wata hira sai ta yaushe ruwan sama zai sauka. Ni a lokacin uwa ce mai 'ya'ya huɗu, biyu suna ɗakin mazajensu, biyu suna gabana. Ba ni da hayaniya, ko maƙwabta sukan ce sai sun ga hayaƙi suke sanin ina gida. Da yamma ina zuwa makarantar yaƙi da jahilci ta matan aure, can na koyi rubutun nan da nake yi muku da hannuna. Edita, ina gaishe ku da aiki. In kun ga kuskure ku gyara, sunana kuma ku bar shi a wajenku.

Ɗan farina namiji ne, kuma tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kiran sunan da bakina ba. Yaran yanzu za su yi mamaki, amma mu haka muka taso muka tarar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa ɗakinta na ginin ƙasa da ke bayan gidanmu, ya taso yana kirana Adda kamar yadda ya ji ƙannena suna kirana. Ni kuma in zan yi zancensa sai in ce wa yara "yayanku". Ina tuna lokacin da ƙyanda ta kama shi yana ƙarami, ban shiga ɗakin ba saboda dangin mijina sun cika shi. Wanki na ƙirƙira, na yi ta shanya ina kwashewa a bayan tagar don in ji numfashinsa. Mutane sun yabe ni a kan haka, suka ce yarinyar nan akwai kunya, ni ma na ji daɗin yabon. Da tsohuwar ta rasu, shi ya gaji ɗakin, ya ci gaba da kwana a ciki har ya zama saurayi.

Ya gama karatu, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo gida ya zauna. Ya kai takardu ofis-ofis har takalminsa ya cinye, babu labari. Sai ya zama ba ya fitowa daga ɗaki sai salla, abinci ma ƙanwarsa, autata, takan dawo da kwanon kusan yadda ta kai. Ina gani, ina jin abin a ƙirjina, amma ba ni da hanyar tambaya. Ana nan wata rana ya raka wani abokinsa wani gida a unguwar manya ta GRA, ya ga yadda ake kiwon tarwaɗa a kandami na siminti, ya dawo yana magana da ƙarfi kamar ba shi ba. Ya samu mahaifinsa a zaure, ina jiyo su daga tsakar gida. Malam, wato maigidan nawa, ya ce ga bayan gida nan, in zai iya ya gwada. Yaron ya sayar da wayarsa babba, yayyen Malam suka ɗan taimaka, aka kawo bulo da yashi.

Bayan gidanmu ƙunci gare shi. Ga rijiya, ga hanyar banɗaki, ga ɗakin tsohuwa. Da shi da abokinsa suka auna suka sake aunawa, suka ga in aka bar tazara ba hanyar wucewa. Suka duba gindin bangon ɗakin suka ga an taɓa shafe shi da siminti, sai suka ɗauka ya isa kariya. Haka suka jera bulo manne da bangon, ko tsintsiya ba za ta shiga tsakani ba. Suka yi shafe, suka cika kandamin da ruwan rijiya, ya kawo 'ya'yan kifi a cikin yankakkiyar jarka, ƙanana kamar yatsar jariri. Ranar na ji dariyarsa, wadda na daɗe ban ji ba. Ina madafi na yi kamar ina gyara wuta, amma ta kafar ƙyaure nake kallonsa yana watsa musu abinci suna tasowa. Da dare na ƙara masa tsoka ɗaya a kwanonsa, ban ce wa kowa komai ba.

Ni ce mai sharar gida, don haka ni na fara gani. Kullum da safe ruwan kandamin yakan sauka daga inda ya kwana, ya bar zane a jikin bulo. Na ji yana ce wa abokinsa zafin rana ne yake shanye shi, yana ƙarawa daga rijiya. Sai dai ɗakinsa nakan shiga in share in ya fita, kuma wata safiya da na ɗaga tabarmar da ke jikin bango na tarar ƙarƙashinta ya yi baƙi, yana warin rima. Gindin bangon ta ciki ya yi duhu har kusan gwiwata, da wani farin gari a samansa kamar an barbaɗa kanwa. Na taɓa, na ji sanyi. Ga shi ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba tukuna. A ginin ƙasa aka haife ni, na san abin da jiƙaƙƙen gindin bango yake nufi. Muna yara a garinmu na ga ɗakin da ya zauna a kan akuyoyi, kuma shi ma da irin wannan duhun ya fara.

Na yi abin da na saba, na aiki auta. Na ce ta gaya wa yayanta ruwan kifinsa yana shiga bango, ya duba tun kafin damina. Yarinyar nan 'yar sakandare ce, bakinta ba ya riƙe saƙo yadda aka ba ta, ga shi sun saba tsokanar juna. Ina ji ta tsaya bakin kandami ta ce masa Adda ta ce ɗakinsa ya fara wari kamar shi da tarwaɗa uwarsu ɗaya, in bai yi hankali ba babu yarinyar da za ta aure shi. Ya watsa mata ruwa ta gudu tana dariya. Da yamma sai na ga ya sayo turaren wuta. Na sake aikenta bayan kwana biyu, na ja mata kunne, ta je ta faɗa daidai. Ya ce ta ce wa Adda ta kwantar da hankalinta, gumin siminti ne, sabon gini haka yake yi.

Daga nan na samu Malam. Na jira ya ci abinci ya sha ruwa, sannan na ce ina so ya duba bangon ɗakin tsohuwa. Ya je ya dafa shi ta waje da tafin hannu, ya ce ginin mahaifinsa ne, ya ga damina fiye da shekarunmu, in kaka ta yi aka sayar da kifi sai a yi masa sabon yaɓe. Sai ya kalle ni yana murmushi, ya ce yau kuma ni ce da zancen ɗakin mutumin nawa, ashe dai ana so ana kaiwa kasuwa. Wasa yake yi, amma kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na tattara kwanuka na bar zancen.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi murna ban da ni. Duk hadarin da ya haɗo ta gabas sai idona ya koma kan ɗakin nan. Da asuba kafin in yi alwala sai na leƙa na ga ɗakin yana tsaye, sannan in iya ɗaukar buta. Tsaga ta fito daga kusurwar taga ta gangara ƙasa. Farko tsinken tsintsiya ne yake shiga, daga baya ɗan yatsana ya shige. Tururuwa suka yi ta fitowa daga bangon ɗauke da ƙwansu suna canza wuri. Ƙyauren ɗakin ya fara cijewa, sai ya sa kafaɗa yake buɗe shi, har ya ɗauko wuƙa ya fere gefensa yana cewa katako ne ya sha ruwa. Na rame, abinci ba ya wuce mini. A makaranta malama ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, don sai ta ga na riƙe fensir ina kallon allo ba na rubutu.

Na san mai karatu zai ce, to me ya hana ki buɗe baki ki gaya masa? Ni ma na yi wa kaina wannan tambaya ba adadi. Wata yamma har na isa bayansa yana tsugune yana ba kifi abinci, sun girma sun kai tsawon hannu, suna kaɗa ruwa. Ya juyo ya gan ni, ya miƙe da sauri ya ce Adda sannu da gida, ko akwai aike. Maganar tana bakina. Amma harshen da ya shekara ashirin da wani abu bai yi wa mutum doguwar magana ba, ba ya tashi rana ɗaya ya iya. Sannan na ga fuskarsa ta cika, ya yi haske, na tuna yadda yake kafin kifin nan. Na ce a raina, ashe magana ta farko da uwarsa za ta zauna ta yi masa ita ce ya rushe abin da ya dawo masa da rai. Sai na ce masa babu komai, guga nake nema. Guga kuwa yana rataye a gabana.

Ranar da abin ya faru, tun jiyanta ake ruwa, ya tsagaita ya dawo. Yayar Malam ta zo daga Miri da ɗanyar masara, ruwa ya tsare ta a wajenmu. Mace ce mai faɗa a ji a dangi, ita ta fi kowa yabona a kan kunya tun ina amarya. Malam yana shago, auta ta tafi islamiyya. Ɗan nawa kuwa zazzaɓi ya kwana yana damunsa, bayan azahar ya sha magani ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Muna zaune a baranda ni da ita muna ɓare masara, ni ina fuskantar bayan gida. Sai na lura da wani abu da ya sa na daina ɓarewa. Ana zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kamata kandami ya cika ya tumbatsa, amma ƙasa yake yi. Kifin sun taru wuri ɗaya suna hawa kan juna. Daga ƙarƙashin ƙyauren ɗakin kuma wani jan ruwa yana fitowa, kalar ƙasar gini.

Na ce mata a hankali, Yaya, ko za ki taso ɗanki ya dawo nan zaure. Ta ce ba a tashin mai zazzaɓi, barci shi ne maganinsa. Sai ta dube ni ta gefen ido ta yi dariya, ta ce tun ɗazu ta lura idona bai bar ɗakin nan ba, ko makarantar da nake zuwa ce ta fara mayar da ni irin matan zamani masu goya ɗan fari har ya yi gemu. Na sunkuyar da kai. Na ɗauki wata masara na ci gaba da ɓarewa. Har yau in na tuna masarar nan da na ɓare, ina kallon jan ruwa yana fita daga ɗakin da ɗana yake kwance, sai jikina ya yi sanyi.

Sai wani faifan yaɓe ya ɓalle daga bango ya faɗa cikin kandamin. Bayansa na ji wata ƙara doguwa daga rufin, kamar ana taka busasshen kara, azara ce take motsi. Ban san lokacin da na zubar da masarar ba. Na ratsa ruwan ba takalmi, na tura ƙyauren, ya cije. Na buga da hannu biyu, na ce kai, fito. Na ce yayansu, fito. Ruwa yana dukan kwanon gida, ni kaina da ƙyar nake jin muryata. Na dafa bango don in samu ƙarfin turawa, sai yatsuna suka nutse a cikinsa kamar a malmalar tuwo. A nan ne na kira sunansa. Ban san sau nawa na kira ba, ban kuma san ina da irin wannan murya ba. Maƙwabciyarmu ta ce daga ɗakinta ta jiyo, duk da ruwan, ta ce wa mijinta lallai an yi mutuwa a gidan Malam.

Daga ciki na ji ya ce, "Na'am. Adda?"

Na ce, "Taso ka fito, ɗakin zai faɗi."

Ya bangaji ƙyauren ya ɓalle, na cafki wuyan rigarsa na ja. Muna bakin ƙofa bangon da ke manne da kandamin ya zauna, bulo da ƙasa da ruwa suka taho gaba ɗaya. Azara ɗaya ta sauko ta danne masa ƙafa, muka zube tare a cikin taɓo. Na sa hannu a hammatarsa ina ja, ya ƙi jawuwa, jikinsa zafi kamar garwashi. Rabon da in riƙe shi haka tun ranar yaye. Kifi suna ta birgima a kanmu, suna bin ruwa suna watsuwa tsakar gida. Yayar Malam tana tsaye a baranda tana salati. Maza suka shigo daga maƙwabta suka ɗaga azarar, aka sa shi a keke mai ƙafa uku sai asibiti. Kafin mu fita na waiwaya. Inda katifarsa take, ƙasa ta kai ƙirjin mutum.

Ƙashin ƙaurinsa ne ya karye, aka yi masa ɗori aka kwantar da shi. Daga baya ya gaya wa mahaifinsa cewa ya ji bugun ƙofa cikin barci, ya ɗauka auta ce ta dawo da tsokanarta, ya ƙara jan mayafi. Amma da ya ji sunansa cikin muryar da bai taɓa jin ta faɗe shi ba, sai ya san ba lafiya, ya zabura. A ranar kuwa, a barandar asibitin ina zaune da jiƙaƙƙen zane ina rawar ɗari, ina jiran abin da yayar Malam za ta ce. Can ta cire mayafinta ta lulluɓa mini, ta ce, "Ashe kin iya sunan." Na ja mayafin na rufe kafaɗuna. Ta ce, "Da ni ce, da har yanzu ina neman wanda zan aika."

Yanzu an kwana biyu da wannan. Yana tafiya da ƙafarsa, sai in an yi sanyi yake ɗan ɗingishi. Kiwon kifi bai bari ba, yana yi a fili can wajen Miri, cikin kandamin tamfol, babu bango kusa. Ina roƙon duk wanda zai gina kandami a gida, musamman mu na cikin gari masu ginin ƙasa, kada ya manna shi da ɗaki ko katanga komai ƙuncin wuri. Siminti yana yoyo ba ka gani, ƙasa kuma tana sha tana shiru. In kun ga ruwa yana raguwa, ko gindin bango ya yi duhu da rani, ko ƙofa ta fara cijewa, a fitar da mai kwana a ɗakin a ranar, gyara ya biyo baya. Ku kuma 'yan'uwana mata da aka rene mu yadda aka rene ni, ban ce kunya aibu ba ce, ni ma har gobe ba na iya rubuta sunan nan a takarda. Amma na ga inda ta kai ni. Na san haɗarin tun bazara, na ba yarinya saƙo ta mayar da shi wasa, na gaya wa miji ya mayar da shi wasa, ni kuma na zauna ina jiran a yabe ni. Abin da ya shafi ran ɗanki, ki taka da ƙafarki ki faɗa masa da bakinki, ko waye a zaune.

Washegarin ranar da ɗakin ya faɗi, da na idar da sallar asuba, ruwa ya ɗauke. Na ɗaura zane na kwaso baho da bokitai na shiga bin gida. Tarwaɗa akwai taurin rai. Na same su a bakin rariya, a bayan turmi, a ƙarƙashin itacen girki, wata har cikin takalmin Malam ta cusa kai. Ƙayarsu ta soke ni a hannu ban fasa ba, duk mai motsi na ɗauke ta na sa a ruwa. Sannan na dama kunu. Auta ta miƙo hannu za ta karɓa ta kai kamar yadda aka saba, na ce ta bari. Na isa asibiti na tarar dangin Malam sun cika wajen, matan sun shimfiɗa tabarma daga can gefe, suka matsa mini wuri. Na wuce tabarmar. Na zauna a bakin gadonsa, na kira sunansa a hankali, yadda kowa ya ji. Ya juyar da fuska wajen bango, Malam ya yi tari ya hau gyara hularsa.

Na ce, "Kifinka da yawa sun rayu, suna cikin baho. Me ake ba su da safe?"

Ya juyo, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Adda, bayanin da ɗan tsawo."

Na zuba masa kunun a kofi, na gyara zama, na ce masa ba sauri nake yi ba.